Yangjiang, Garin da Ake Ƙera Wuƙaƙen Kicin Ɗinmu

Duk wanda ya ɗaga wuƙar kicin a Kasuwar Sabon Gari ta Kano ko a babbar kasuwar Maraɗi, ya juya ta ya duba ɗan rubutun da ke jikinta, sau da yawa sunan ƙasar Sin zai gani. Sunan garin da aka ƙera ta ne ba a cika rubutawa ba. Garin shi ne Yangjiang, yana bakin teku a kudu maso yammacin lardin Guangdong, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai daga Guangzhou. Hukumomin garin suna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na wuƙaƙe da almakasan da ake yi a ƙasar Sin a can ake ƙera su, kuma wajen kashi 85 cikin 100 na waɗanda ƙasar ke fitarwa waje daga can suke tasowa. Ke nan matan gidajenmu sun daɗe suna yanka albasa da aikin maƙeran Yangjiang ba tare da sun taɓa jin sunan garin ba.

Yayana kayan kicin yake sayarwa, sari da ɗai-ɗai, kuma yakan halarci baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, wanda aka fara tun 1957. A tafiyar Oktoba na bi shi. Mun sauka a unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi taruwa, inda a layi ɗaya za ka ji Hausa da Bambara da Larabci da Faransanci, ga gidajen abincin Musulmin Sin a kowace kwana. Ni ba sari ne ya kai ni ba. Tambaya ce da ta daɗe tana ci mini rai a matsayina na mai girki kullum: me ya sa wuƙaƙen da ake jera wa amarya cikin kwali mai sheƙi ba sa kai wa goyon fari sun dakushe, wasu ƙotar ta fita, alhali baƙar wuƙar mahaucin unguwarmu, wadda aka ɗaure ƙotarta da igiyar roba, ta yi shekaru tana yankan nama kamar jiya aka ƙera ta? Da Yaya ya ce zai leƙa Yangjiang ya ga masu yi masa kaya, na ce ƙafata ƙafarsa.

Jirgin ƙasa mai gudu muka shiga daga tashar Guangzhou ta Kudu. Layin da ya bi ta Jiangmen ya nufi Zhanjiang an buɗe shi a 2018, shi ne ya rage tafiyar ta koma kamar awa biyu. Tafintanmu wani matashi ne ɗan Damagaram da ke karatu a Guangzhou, mai natsuwa da ladabi. Tun a ƙofar tasha, inda ake bi da kowace jaka ta cikin na'urar bincike, ya ja hankalinmu. Ya ce, "Hajiya, duk wuƙar da kuka saya a can ba za a bari ku hau jirgi da ita ba. Sai dai a aiko muku ta kamfanin aika saƙo." Ta taga mun yi ta wuce gonakin shinkafa da na ayaba da tafkunan kiwon kifi, sannan a yankin Kaiping muka hango can nesa wasu dogayen benayen tsaro, irin waɗanda mutanen yankin da suka yi ci-rani a Amurka da sauran ƙasashe suka gina da kuɗin da suka aiko gida.

Yangjiang ba ta da hayaniyar Guangzhou. Kogin Moyang ne ya ratsa ta, tituna cike da ƙananan babura masu aiki da lantarki, iska kuma tana ɗauke da danshin teku. Mutanen garin suna danganta sana'ar ƙira da wata shugabar yankin mai suna Xian, mace jaruma, wadda suka ce ta girke dakarunta a nan a shekarar 557 ta sa aka ƙera musu makamai, daga baya maƙeran suka koma yin kayan amfanin gida. Abu uku garin ya yi suna da su tun da: wuƙa, da kayan ado masu fentin gargajiya, da wani baƙin waken suya da ake ruɓarwa da gishiri mai suna douchi. Da aka miƙo mini shi a kasuwa na shinshina, daddawa ce ta faɗo mini a rai, kuma aikinsu a tukunya ɗaya ne.

Mun fara da babban shagon Shibazi, kamfanin wuƙa mafi shahara a garin, wanda wani maƙeri mai suna Li Lianghui ya kafa a 1983. Wuri ne da motocin 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa, bango ya cika da wuƙaƙe tun daga ƙasa har sama. Na nuna wata da ta burge ni na tambayi kuɗinta. Matar da ke kula da wajen ba ta faɗi kuɗi ba, sai ta mayar mini da tambaya ta bakin tafinta: "Me za ki yanka da ita?" Tambayar ta tsaya mini a rai, domin ban saba jin mai sayar da wuƙa ya yi ta ba. Mu girma muke dubawa, da sheƙi, da yawan wuƙaƙen da ke cikin kwali.

Ta jera mini guda uku a kan tebur, dukkansu irin faffaɗar wuƙar girkin Sinawa mai kusurwa huɗu da suke kira caidao, wadda mu in mun gani muke ɗauka duk ta sarar ƙashi ce. Ta farko siririya ce, ba nauyi, bayanta bai fi milimita biyu ba. Aikinta ganye da tsokar nama, kuma in aka sari ƙashi da ita bakinta zai ɓare. Ta biyu kakkaura ce mai nauyi, an wasa bakinta da faɗi don ta jure sara. Tana raba ƙashin akuya, amma in ka kai ta kan tumatir sai ta murƙushe shi. Ta uku tsaka-tsaki ce, rabin bakinta na gaba siriri don yanka, na baya kusa da ƙota kakkaura don ƙashin kaza da kifi. Matar ta ce gidan da ba zai sayi biyu ba, wannan ta ukun yake saye.

A nan tafinta ya ba mu labarin da ya tayar da ƙura a ƙasar a watan Yulin 2022. Wata mata a Guangzhou ta daki tafarnuwa da gefen wuƙarta, kamar yadda kowane mai girki a Sin yake yi, sai wuƙar ta karye biyu. Wuƙar ta Zhang Xiaoquan ce, tsohon kamfanin da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana sana'ar, kuma da aka gaya wa matar cewa ba a dakan tafarnuwa da irin wannan wuƙa, jama'a suka yi ca, har kamfanin ya ba da haƙuri. Abin lura a labarin shi ne wuƙar ba ta banza ba ce. Ƙarfe in ya yi tauri sosai yana daɗewa da kaifi, amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. In kuma ya yi laushi ba ya karyewa, sai dai ya dakushe da wuri. Duk wuƙar duniya tana wani matsayi ne tsakanin waɗannan biyu, kuma wadda ta dace da kai ita ce wadda ta dace da irin aikin da za ka sa ta.

Washegari muka je masana'antar da ke yi wa Yaya kaya, a gundumar Yangdong. A nan na fi daɗewa, kuma a nan na sami amsar tambayata. Babu zuga-zugi, babu uwar maƙera. Farantai ne na ƙarfe ake turawa cikin inji, yana buga su yana fitar da siffar wuƙa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai a wuce da su tanderu, a gasa su a zafin da ya haura digiri 1,000, a sanyaya su da sauri don su yi tauri, a sake ɗumama su a ƙaramin zafi don a rage musu saurin karyewa. Sai wajen wasawa, inda ma'aikata ke zaune gaban duwatsu masu juyawa, ruwa yana zuba a kai don kada zafin gurzawa ya ƙone bakin wuƙar. Daga ƙarshe a sa ƙota, a goge, a buga suna. Mai kula da aikin ya nuna mana kwanduna biyu na wuƙaƙe masu siffa ɗaya, daga inji ɗaya suka fito. Na ɗaya za a buga musu sunan wani shago na Turai, na ɗayan kuma sunan da ɗan kasuwar da ya yi oda ya zaɓa. Ya ce bambancinsu yana wurare uku da ido ba ya gani a shago: irin ƙarfen, da kulawar da aka yi wa gashi, da lokacin da aka ɓata wajen sirantar da bakin. Duk wanda ya matsa a rage masa kuɗi, daga waɗannan ukun ake ragewa, domin ba wanda zai yarda a rage masa sheƙi ko kyan kwali.

Ya koya mini karanta lambobin da ake bugawa a jikin wuƙa, kuma ina ganin duk mai shiga kasuwa ya kamata ya san su. Za ka ga an rubuta 3Cr13, ko 5Cr15MoV, ko 7Cr17, ko 9Cr18MoV. Lambar farko tana nuna yawan sinadarin kabon: 3 na nufin kusan kashi 0.3 cikin 100, 5 na nufin kusan 0.5. Kabon shi ke ba ƙarfe tauri. Lambar da ke bayan Cr kuma yawan kuromiyam ne, sinadarin da ke hana tsatsa. Ƙarfe ba ya shiga sahun marasa tsatsa sai kuromiyam ɗinsa ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Ana auna taurin wuƙa da ma'aunin Rockwell. Ƙarfen 3Cr13 yakan tsaya tsakanin 52 da 55, yana da sauƙin wasawa amma ba ya riƙe kaifi. Na 5Cr15MoV yakan kai 55 zuwa 57, kuma kusan ɗaya yake da X50CrMoV15, ƙarfen da manyan kamfanonin Jamus irin su Wüsthof suke ƙera wuƙaƙen girkinsu masu tsada da shi. Wuƙaƙen Japan da yawa suna kai wa 60 ko su haura, kaifinsu abin mamaki ne, amma ba sa yafe kuskure: ƙashi ɗaya ko daskararren nama ya isa ya ɓare musu baki.

A ganina, ga gidan da ake girki sau uku a rana, wuƙa tana wucewa daga hannun uwar gida zuwa na 'yan mata zuwa na mai aiki, ƙarfen tsakiya ya fi. Wanda ya sami 5Cr15MoV da aka gasa da kyau ya sami abin da zai yi masa shekaru. A shagunan Yangjiang na ga irinta ƙasa da yuan 100. Wuƙar da ba a rubuta mata komai ba sai kalmar da ke nuna ba ta tsatsa, wannan ita ce abin gudu, domin mai ƙarfe mai kyau ba ya ɓoye sunansa. Haka kuma in an rubuta cewa ƙarfen na Jamus ne, ba a ce a Jamus aka ƙera wuƙar ba. Sunan Solingen, garin maƙeran wuƙa na Jamus, doka ce take kare shi tun 1938, kuma ba a yarda a buga shi ba sai a kan abin da aka yi a yankin. Amma wannan bai hana masu jabu bugawa ba, don haka in ka gan shi a jikin wuƙar da kuɗinta bai kai na mudun shinkafa ba, ka san abin da kake riƙe da shi.

A ɗakin nuna samfur muka yi gardama da Yaya. Ya ɗauko kwalin da ya fi yi masa ciniki: wuƙaƙe shida, da almakashi, da sandar gyara baki, duk an soke su a wani katako mai juyawa, ƙotocin farare ƙal. Na ce, "Yaya, don Allah a cikin shidan nan guda nawa ake amfani da su a gidanka?" Ya yi murmushi ya ce, "Ƙanwata, ni abin da ake tambaya nake kawowa. Uwar amarya in ta shigo shago, abin da zai cika ido a jere take nema. In na miƙa mata wuƙa ɗaya na ce ta fi waɗannan shida, sai ta ce na raina ta." Gaskiya ya faɗa, kuma abin ya dame ni. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a harkar wuƙa mun juya zancen: adon muke saye da tsada, aikin kuma mu bar shi. Kuɗin da aka raba wa wuƙa shida da katako da kwali, da an tara shi a kan guda biyu, da amarya ta kai su har aurar da 'yarta.

Akwai wasu kayan yaudarar ido da na gani ana yi a gabana. Wuƙa mai zanen igiyar ruwa a jiki, wadda ake kira ta Damaskus, ta gaskiya ana yin ta ne da ninka ƙarafa daban-daban, kuma tana da tsada. Ta arahar kuwa da hasken lesa ake zana mata ado a sama, ƙarfen ciki na yau da kullum ne. Ko ta gaskiyar ma zanen ba ya ƙara kaifi. Masu fenti kala-kala fentin yana ɓarewa a hankali. Masu ƙotar ƙarfe zalla suna da kyan gani, amma da hannu ya taɓa mai ko yauƙin kuɓewa sai su riƙa zamewa. Wuƙar tangaran tana da kaifi, amma in ta faɗi a siminti ta gama aiki, kuma dutsen gida ba ya wasa ta. Mai haƙoran zarto kuwa ta burodi ce, a bar ta a nan.

Wani abin da na yi ta tunani a kai shi ne yadda muke yanka a gidajenmu. Basine yana yanka a kan katako, shi ya sa wuƙarsa take da faɗi da nauyi. Mu da yawanmu a hannu muke yanka albasa da kuɓewa da alayyahu, a tsaye ko a kan kujera 'yar tsuguno, kwano yana ƙasa yana tara. Wuƙar da za a yi wannan da ita dole ta zama mara nauyi, siririya, tsawon ruwanta santimita 10 zuwa 15, ƙotarta ta cika hannu. Babbar wuƙar masu girkin otal mai santimita 20 tana da amfani ga kabewa da kabeji da doya da tsokar nama, amma sai da katako. Kuma katakon nan ba ƙawa ba ne. Abin da ya fi kashe wuƙa a gidajenmu shi ne yanka nama a kan tiren ƙarfe ko farantin tangaran ko dandamalin siminti. Kowane sara yana lanƙwasa bakin. Katako ko allon roba shi ne daidai, kuma a ware na ɗanyen nama daban da na ganye.

Ƙashi kuwa a bar wa adda da gatari. Kowace Babbar Sallah ana asarar wuƙaƙen kicin masu kyau a kan ƙashin ragon layya, sai a ce wuƙar ce ba ta da ƙarko. A nan ne kuma na ƙara ganin darajar maƙeranmu na gida. Wuƙar mahaucin da na ambata baƙin ƙarfe ce, irin wadda maƙera kan yi da sifirin ɗin tsohuwar mota, ƙarfen da kabon ɗinsa ya kai wajen kashi 0.6 cikin 100, wato ya fi na yawancin wuƙaƙen kwali. Tana ɗaukar kaifi da wuri, kuma mai ita yana goga ta a dutse ko a jikin 'yar'uwarta kafin kowane yanka. Dubi yadda masu kilishi suke shimfiɗa tsoka ta yi siriri har haske yana ratsa ta. Da irin wannan wuƙa suke yi. Aibinta biyu ne: tana tsatsa in an bar ta da danshi, kuma da yake maƙeri da ido yake auna zafin wuta, wata ta fito da kyau wata ba ta kai ba. Duk da haka, ga aikin nama da fiɗa, ban ga abin da ya fi ta araha da amfani ba a duk yawon da na yi.

A wata tsohuwar kasuwa ta cikin gari muka tarar da wani dattijo mai wasa wuƙa, yana zaune a kan ɗan benci da duwatsu biyu da gwangwanin ruwa. Na zauna kusa da shi, tafinta yana tsakaninmu. Ya jiƙa dutsen sosai, ya ɗora wuƙar, ya ɗaga bayanta kaɗan, daidai da kusurwar digiri 15 zuwa 20 da ake so a kowane gefe. Yana turawa yana jawowa a hankali ba tare da kusurwar ta canja ba, har sai da ya shafa ɗaya gefen da babban yatsa ya ji ƙarfen ya ɗan lanƙwaso, sannan ya juya. Ya ce wanda bai jira wannan alamar ba bai wasa komai ba. Da ya gama ya ɗora bakin a kan tumatir, bai danna ba, wuƙar ta shige da nauyinta. Ya ce dutse mai lambar laushi 1000 ya ishi kowane gida, in an sami mai fuska biyu, 400 da 1000, to an gama. Sandar ƙarfen nan da ke zuwa cikin kwali miƙar da baki kawai take yi, ba ta mayar da kaifin da ya tafi. Na tambaye shi game da injin wasawa mai tartsatsi irin na kasuwanninmu. Ya girgiza kai ya ce yana cinye ƙarfe, kuma in ka ga bakin wuƙa ya yi shuɗi bayan an gurza, zafi ya riga ya kashe taurinsa.

Wannan darasi bai kamata ya zama baƙo a wurinmu ba, domin addini ma ya umarci mai yanka dabba ya wasa wuƙarsa don ya sauƙaƙa mata. A kicin kuma dakusasshiyar wuƙa ta fi yanke mutum, saboda sai an danna da ƙarfi, in ta zame daga fatar albasa yatsa take samu, balle ga mai yanka a hannu.

Kafin mu bar garin mun tsallaka gada zuwa tsibirin Hailing, inda aka gina gidan tarihi domin wani jirgin ruwan fatake na zamanin daular Song da ake kira Nanhai na Ɗaya. An gano shi a ƙarƙashin teku a 1987, aka ɗago shi ɗungurungum a 2007. Tangaran ne mafi yawan kayansa, amma har da tarin kayan ƙarfe da tukwane, alamar cewa shekaru 800 da suka wuce ma jiragen fatake suna bi ta wannan gaɓa da kayan girki. A nan muka ci abincin rana, kifi da jatan lande da shinkafa, domin gidan abincin halal yana da wuyar samu a wannan yanki, kuma matafiyi Musulmi zai fi samun natsuwa da abincin teku da ganye, tare da tambayar irin man da aka yi girki da shi.

Ni abin da na zaɓa kaɗan ne: ƙaramar wuƙa ta yankan hannu, da babba guda ɗaya ta 5Cr15MoV, da dutsen wasawa mai fuska biyu. Kafin na biya na yi abin da mai kula da masana'antar ya nuna mini, wanda kowa zai iya yi a gaban mai shago a ko'ina. Na miƙe wuƙar a gaban ido na duba ko ruwanta a miƙe yake. Na duba ko ƙarfen ya ratsa ƙota har ƙarshe kuma an kama shi da ƙusoshi, na girgiza na ji ko akwai motsi, na duba ko akwai tsaga tsakanin ƙota da ƙarfe inda ruwan nama zai riƙa maƙalewa. Na shafa gefenta daga baya zuwa kusa da baki don in ji ko tana sirancewa a hankali, domin wuƙar da ta yi kauri dab da baki ko an wasa ta tsaga doya take yi maimakon yanka. Sannan na riƙe ta yadda nake riƙewa a gida na ji ko ta zauna a hannuna. Ba lallai sai ta Sin ba: Kiwi ta Tailan siririya ce mai araha ƙwarai, tana son yawan wasawa amma tana da daɗin yankan ganye, Tramontina ta Barazil tana da ƙarko, Victorinox ta Suwizalan mai baƙar ƙotar roba ta fi su tsada, amma masu girkin sana'a a ƙasashe da yawa sun yarda da ita. Duk wadda aka saya, a wanke ta a goge da zarar an gama, kada ta kwana cikin ruwan wanke-wanke, kada kuma a jefa ta cikin kwandon cokula bakinta yana karo da ƙarfe.

Kayan nawa sun riga mu isa masauki a Guangzhou, daga nan suka shiga jakar da ake aunawa a filin jirgi. Yaya kuma, bayan doguwar magana a hanya, ya yarda ya ƙara katan kaɗan na wuƙaƙe ɗai-ɗai masu lambar ƙarfe a jiki, da duwatsun wasawa, a cikin odarsa, ya ce zai gwada kasuwa ya gani.

Roƙona ga 'yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou shi ne su riƙa tambayar irin ƙarfen kafin su tambayi kalar kwali, su sa a buga lambar gaskiya a jikin wuƙa, kuma kowace kwantenar wuƙaƙe ta zo da duwatsun wasawa. Ke kuma uwar amarya, in kin shiga kasuwa haɗa kayan kicin, ki sayi wuƙa biyu masu kyau da katako da dutse, ki zaunar da 'yarki ki koya mata wasawa kafin ranar kai ta ɗakinta.